Gurbi Ɗaya

Kujerar robar da na samu a ɗakin jira ƙafarta ɗaya ta lanƙwashe. Mutum ɗaya za su ɗauka aiki, mu kuwa mun cika ɗakin.

"Masu ƙwarewa su fara shiga," in ji sakatariya. "Sababbin gama digiri ku jira."

Na kusa da ni ya ja tsaki. "'Yar'uwa, wai da ƙwarewar nan ake haifo mutum ne?"

A layin gaba wani dattijo ya miƙe, takardu a hammata, yana gyara zaman hularsa. Babana ne. Ko yau da safe da sauri ya fita, wai ya makara ofis.

Bai waiwayo ba. Na ɗauki jakata, na bi ta bayan kujeru na fice.