Inda Waƙar Ta Yanke

Wata tsohuwa ta tare mawaƙin a ƙofar gidan rediyo, gaban sojan da ke gadi, ta damƙe hannun rigarsa.

"Kai ne mai kaset ɗin? To, ɓarawo, dube ni da kyau."

Ya gane ta. A shekarar fari, da dabbobinsu suka ƙare, ita da jikanta sun raɓe a bayan zanar gidansa a unguwar Talaje. Kullum tana yi wa yaron waƙar rarrashi, shi kuma yana ji daga ɗaki. Waƙar nan ce ta ɗaga sabon kaset ɗinsa, bayan ya ɗora mata jita da ganga. 'Yan jarida suka ce Yamai ba ta taɓa jin waƙar soyayya irinta ba. Abin da suka fi yabo shi ne ƙarshenta, inda murya ke yankewa a tsakiyar kalma, sai shiru. Suka ce gwaninta ce. Bai taɓa gyara musu ba.

"Inna, faɗi abin da kike so in ba ki."

"Yau ne za ka ba ni? Ran nan rakoda ka miƙo ta kan zana, ba ƙwaryar hura ba. Shiga ka gaya musu mafarin shirun da suke tafa maka!"

Ya sunkuyar da kai. Ba shi ya tsara shirun ba. Haka ya same shi a rakodarsa, daidai inda ta ji yaron ya yi sanyi a cinyarta, rai ya yi halinsa.