Haruffan Marigayi

Ta rasa miji, ta rasa hayaniyar masu zuwa a rubuta musu allon shago. Abin da ta samu shi ne ɗaki cike da fallayen katako, kowanne da harafi ɗaya a jikinsa, sai kuma shiru tun safe har magariba.

Marigayi rubutu mai lanƙwasa yake yi, irin wanda wutsiyar kowane harafi ke kamo na gabansa. Teloli da masu turare da masu gyaran gashi, duk aikin hannunsa ne a saman ƙofofinsu. Ita karatunta bai wuce sunanta ba, amma ta san haruffan kamar 'ya'yan maƙwabta: ga mai wuyan agwagwa, ga mai ƙugiya, ga mai tumbi.

Sai ga wani mai shagon buga kati ya zo saye. Wai hotonsu zai ɗauka ya zuba a kwamfuta, a riƙa buga katin biki da kwalin turare da su. Ya ɗan ɗaga ƙyauren ɗakin kafin ya tura, don gindinsa na cin ƙasa. Ya daɗe tsaye a tsakiyar katakan yana bin su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Nawa, Hajiya?"

"Kai da ka zo saye, taya."

Ya taya. Ta ce albarka, ko itacen girki ya fi haka daraja.

Ya tafi ya dawo da ƙari, ta ce ai fenti kaɗai ya cinye wannan. Haka suka yi ta yi, yana ƙarawa tana taɓe baki. Duk ranar da zai zo sai ta share tsakar gida ta ɗora babbar tukunya, in ya tafi ta rarraba wa maƙwabta. Ko ruwa ba ta taɓa miƙa masa ba, tunda ciniki ya ce ya kawo shi. Shi ma bai taɓa zama ba.

Ran nan ya shigo ba walwala. Ya ce ya samo wasu haruffa a intanet, ba su kama ƙafar waɗannan ba amma za su yi masa aiki. Yau ne zuwansa na ƙarshe.

Ta dubi ɗakin, ta dubi tukunyar da ke kan wuta. In ta sayar, zai kawo mota ya kwashe su rana ɗaya. In ta ƙi, ƙofa zai ja ya tafi. Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ɗaure fuska irin ta kasuwa.

"Na sallama," in ji ta. "Ban son ko sisinka. Amma harafi ɗaya za ka riƙa ɗauka duk zuwa, ka zauna ka ci abinci. Kuma wannan Hajiyar ta ishe ni. Inna za ka ce, yadda kake faɗa kafin marigayi babanka ya kore ka daga gida a kan kwamfutar nan."