Firiza Mai Cizo

Ranar da Mai Ƙanƙara ta sayo firizarta ta hannu, sai aka tarar filogin ƙafa uku gare shi, soket ɗin ɗakin girkinta kuwa rami biyu. Ba ta tsaya wata-wata ba. Ta ɗauko filayar mijinta kafinta, ta kama doguwar ƙafar ta murɗe har ta ɓalle. Ta cusa sauran biyun, firiza ta kama gurnani.

"Ka gani ko? Ashe ado ce kawai," ta ce wa mijin. Shi kuwa ya gyaɗa kai, don iliminsa a katako ya tsaya.

Sana'a ta karɓe ta, ƙanƙara ba ta kwantai. Amma da tafiya ta yi tafiya, firizar ta fara cizo. In ka taɓa murfin ba takalmi, sai ka ji zirrr har gwiwar hannu. Maimakon ta kira mai gyara, sai ta ajiye silifas na roba a gindin firizar, ta kafa doka cewa duk mai buɗewa ya saka su tukuna.

"Gadin kanta take yi," in ji ta. "Ɓarawon ƙanƙara ya shiga uku."

Aka yi dariya, aka saba. Sabo kuwa turken wawa ne. Dokar ta bi jikin mutanen gidan har suka manta cewa baƙo bai san da ita ba.

Ana nan sai mahaifiyarta ta zo kwana biyu. Inna irin tsofaffin nan ce da zama ke sa su ciwon baya. Da hantsi, 'yar na tsakar gida tana ƙulla ruwa a leda, tsohuwa ta tuɓe takalmi, ta ture silifas gefe, ta wanke daɓen ɗakin girki tas. Ta ga murfin firiza ya yi ƙura, ta kai jiƙaƙƙen hannu ta kama mariƙin.

Mai Ƙanƙara ba ta ji ihu ba, ƙarar faɗuwar bokiti ta ji. Tana leƙawa ta ga Inna tsaye cikin ruwa, hannunta ya maƙale a ƙarfe, jikinta na karkarwa, baki buɗe amma ba murya.

"Inna!" Ta zabura za ta rungumo ta.

Mijin, da ya dawo ɗaukar zarto, ya fizgo ta baya. "Kada ki taɓa ta! Ke ma za ta haɗa da ke!" Ya daka tsalle ya sauke babban makunnin da ke bakin ƙofa. Gurnanin ya tsaya, Inna ta sulale ƙasa.

A asibiti Mai Ƙanƙara ta kasa zama ta kasa tsayuwa, ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Da likita ta fito ta ce zuciyar tsohuwa na bugawa daidai, sai Mai Ƙanƙara ta zauna daɓas a ƙasa tana ta hamdala. Tafin hannun Inna ya ƙone, yatsu biyu kuma da wuya su sake lanƙwasuwa kamar da. Amma rai na nan.

Inna ta buɗe ido ta dube ta. "Ke 'yar nan, kare kika ajiye a ɗakin girki ba ki faɗa wa baƙi ba?"

Dariya da hawaye suka zo mata tare. Ta kifa kai a kan gadon. "Ki yafe mini, Inna."

"Na yafe. Tashi ki samo mini ruwa, amma ba na cikin dodon nan ba."

Washegari mai gyaran wuta ya kwance bayan firizar, ya nuna mata inda ɓera ya gwigwiye rigar waya, jan ƙarfen ya fito yana taɓa jikin firizar. Sannan ya ɗaga filogin.

"Wa ya karya wannan?"

"Ni ce, Malam. Na ga tana aiki ba ita."

"Za ta yi aiki mana. Wutar lantarki zagaye take yi, ta shigo ta wannan ƙafa, ta yi aikinta, ta koma ta waccan. Ta ukun kuwa hanyar tsira ce. In wuta ta ɓalle ta shiga jikin ƙarfe, ita ke kwashe ta zuwa ƙasa, fis ya ƙone, komai ya tsaya. Da kika karya ta, sai wutar ta zauna jiran wata hanya. Jiƙaƙƙen mutum ba takalmi kuwa, ai titi ne."

"To cizon da take yi fa?"

"Faɗa miki take yi da sauran lokaci."

Ya naɗe wayar, ya sa sabon filogi da soket mai rami uku, ya ja wayar ƙasa zuwa sandar ƙarfen da ya kafa a bayan ɗaki. Mai Ƙanƙara ta daɗe tana kallon murfin kafin ta ɗora tafin hannunta. Sanyi kawai ta ji. Ta sauke ajiyar zuciya, ta ɗauki kwanon abinci ta nufi asibiti, inda za ta riƙa ba Inna a baki har hannun ya warke.

Jama'a, babu ƙafar filogi da aka yi don ado. Duk na'urar da ta fara jan mutum, a kashe ta a kira gwani tun kafin ta kama wanda bai sani ba. Wanda wuta ta riƙe kuwa, a kashe wutar kafin a kai masa hannu.