Waldar da Ta Ƙi Yankuwa

Girgizar ƙasa na lafawa aka kira mai walda da injin yankan ƙarfe. Benen da ya haɗa ƙarafansa da hannunsa ya durƙushe gefe guda, ƙanensa tela na ciki, wani ginshiƙi ya tokare hanyar fito da shi.

"Yaya, kai ne?" muryar ta fito ta wata 'yar kafa.

"Ni ne. Yanzun nan."

Ba inda injin zai shiga sai daidai mahaɗar da ya yi wa walda, ita kuwa ko tsagewa ba ta yi ba. Faifan yankan injin ya cinye, ya sa wani.

Ƙanen ya yi dariya haɗe da tari. "Tunda aikinka ne, na san zan daɗe. Ba ka iya ha'inci ba."

"Rufe mini baki, ka adana numfashinka."

Ya kuwa yi shiru.

Sai yamma ƙarfen ya rabu. Mai walda ya zura hannu ya kamo na ƙanensa, ya ji shi sanyi ƙalau. A bayansa wani injiniya, bai san abin da ake ciki ba, ya shafa bakin ƙarfen ya ce, "Allah Ya yi wa mai wannan waldar albarka. Ita ta tsirar da mutanen da ke saman benen."