Zaren Da Kifi Ba Ya Gani

Yau kwana tara da aka tsamo gawar yayansa daga ruwa, amma Auta mai walda bai zubar da hawaye ko ɗigo ba. In an ba shi abinci ya ci, in an yi masa gaisuwa ya amsa. Hannunsa na dama kuwa kullum yana cikin aljihu. Jama'a na ta cewa bawan Allahn nan akwai tawakkali. Ina fa tawakkali! Ku dai ji yadda aka yi.

Auta mutum ne mai son fatsa. Duk ranar da ba aiki, shi da Yaya sai bakin tafki, gindin wata tsohuwar bishiya da ta faɗa ruwa. Shekara biyu da suka wuce ya sayi sabuwar sanda mai ɗan injin naɗe zare, ya kuma ce a ba shi zaren nan garai-garai da masu shago ke kira fulorokabon.

"Wannan in ya shiga ruwa kifi ba ya ganinsa," in ji mai shago. "Amma yana da tauri. Ɗauki siriri, injinka ƙarami ne. Kada ka cika kwarkwaron injin har baki, in ka cika zai riƙa zubowa yana harɗewa. Wanda ka yanke kuma ka tafi da shi gida. Nutsewa yake yi, kuma ba ya ruɓewa."

Auta ya yi dariya. "Ni da nake haɗa ƙarfe da ƙarfe, zare za a koya mini? Ba ni mai kaurin."

Ya ɗauki mai kaurin, ya ɗura wa kwarkwaro har ya yi tozo. To, zance bai faɗi ƙasa ba. Jifa uku, na huɗu zare ya zubo ya cukurkuɗe. Auta ba mai haƙurin warwara ba ne. Sai ya sa wuƙa ya datse, ya dunƙule, ya wurga gindin bishiyar. Haka ya riƙa yi duk zuwa. Ya sake ɗaura ƙugiya, ya ƙona bakin ƙullin da laita har ya yi ɗan baƙin kai kamar na ashana. Wannan aikinsa ne shi kaɗai, har yana taƙama da cewa ƙullinsa ma walda ne.

Yaya ya yi magana ya fi a ƙirga. "Auta, sa shi a aljihu mana. Nauyinsa nawa?"

"Haba Yaya, tafki guda? Ai ko gishirin miya bai kai ba."

"Kai dai kunnen ƙashi gare ka tun kana rarrafe," in ji Yaya. Daga nan sai a yi dariya, a ci gaba da fatsa.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, rana tarwai, ruwa kwance. Ƙugiyar Auta ta maƙale a saiwar bishiyar. Yaya gwanin iyo ne, shi ya saba shiga ya ciro musu. Ya cire riga ya ninke, ya ɗora agogonsa a kai.

"Riƙe sandar, kada ka ja," ya ce. Ya shiga, ya nutsa.

Auta ya riƙe sanda. Ya ga kumfa ta taso, ya ga ruwan ya ɗan motsa. Ya ce a ransa tsokana ce irin ta Yaya. Har ya ɗaga murya ya ce, "To an gani, kai ne kada, fito haka nan!"

Yaya bai ɓullo ba.

Auta bai iya ruwa ba. Ya yi ihu, ya yi gudu, masu kwalekwale suka zo. Wurin bai fi tsayin mutum da hannu ɗaya ba. Sai da suka nutsa da wuƙa sannan suka iya ɗago shi.

Babbansu ya fito yana haki, ya zube wani dunƙulen zare a gaban Auta. "Ga abin da ya riƙe masa ƙafa. Ya naɗe idon sawu, ya naɗe saiwa. Mu kanmu lalube muka yi, ba a ganinsa. Dubi yatsunsa yadda zaren ya yanka su, ya yi ta ja bai tsinke ba."

Auta ya tsuguna ya ɗauka. Zaren na ƙyalli kamar yau aka sayo shi. Ya juya shi, sai ga ƙulli mai ɗan baƙin kai. Ya ƙara juyawa, ga wani. Ya ƙirga bakwai ya daina. Bai ji komai ba, ko faɗuwar gaba. Ya dunƙule zaren ya sa a aljihu.

A rana ta tara ya kai wa matar Yaya rigar da agogon. Ta karɓa, ta daɗe tana kallon agogon, yana ta tafiyarsa.

"Ƙanina," ta ce, muryarta ba hawa ba sauka, "an ce zare ne wani ya yar. Wane irin mutum ne zai zubar da abu haka, inda mutane ke shiga?"

Auta ya zaro hannunsa daga aljihu, ya ajiye dunƙulen zaren a kan tabarma a gabanta.

"Yaya ya ce in sa a aljihu," ya ce. "Na sa."

Jama'a, abin da ka wurga ruwa ba ɓacewa ya yi ba, yana nan kwance yana jiran wani. Mai fatsa ya ji shawarar masu sani, ya kuma koma gida da duk zaren da ya yanke, domin ba ka san ƙafar wa zai kama ba.