Zanen Magagari

Noti goma ne ke riƙe kan injin motarsa, kuma Eleuterio ya jera su a kan tsumma yana kallonsu kamar mai duba haƙoran tsoho. Ya gaji. Shekara arba'in yana gyaran mota a garin Caibarién na ƙasar Cuba, inda ba a zubar da komai, shi kaɗai ke da taurin kai a kan wannan noti. Duk ɗauri ɗaya ƙarfen yana miƙewa, ba ya komawa. Shi ya sa duk ɗauri yake sa magagari ya yi ɗan zane a ƙarƙashin kan kowanne, inda ido ba ya kaiwa. Mai zane uku ya gama aiki, sai ya jefa shi a gwangwani.

Goman nan zane biyu-biyu gare su. Amma wannan motar ce ke kai matarsa Migdalia wankin ƙoda Santa Clara sau uku a mako, kuma in noti ya tsinke a hanya, ba injin kaɗai zai mutu ba.

"Mayar da su mana, tsoho," in ji Migdalia daga kujera, ƙafafunta a kumbure. "Ai da saura ɗauri ɗaya."

"Ke kika san saura. Ni ba zan yi caca da ranki ba."

Da safe Nicanor masunci ya biyo karɓar gwangwanin, kamar yadda ya saba shekara da shekaru, wai nauyin taru yake yi da su. Eleuterio ya juye masa har da goman nan.

Sababbi kuwa sai wajen Yoandri, mai kawo kaya daga Havana. Leda a liƙe, ƙarfe baƙi wul, maiƙo yana sheƙi. Yoandri ya ce kuɗi ba ya so, alade yake so, wanda Migdalia ke kiwo don daren sabuwar shekara.

"Kayan waje ne, maigida. Ka shinshina ka ji."

Aka ja alade yana ihu. Migdalia ta juya fuska bango.

Rana ta take, gumi na ɗiga a kan injin, ya ɗaure tara, daga tsakiya zuwa gefe. Gobe ƙarfe bakwai ne wankin. Ya ɗauki na goma, ya shafa ƙarƙashin kansa da farce don sabo, yana neman inda zai yi zanen farko.

Farcen ya sarƙe sau uku, a zanen da ya yi da hannunsa. Notin gwangwaninsa ne ya dawo masa a leda.