Tsagar Kunne

Ranar da alƙalan gasar hoto a Gusau suka ce wa wani mai ɗaukar hoto aikinsa ba laifi, sai dai dishi-dishi, ya gano mai laifin: wayarsa. Ya sayar da babur ɗinsa, ya sayi kyamara mai dogon baki.

Ya nufi bayan Kucheri, rugar wani tsoho da ya saba ɗaukar shanunsa hoto, a sha nono a rabu lafiya.

Tsohon ya dubi abin da ke wuyansa. "Malam, yau da bindiga ka zo mana?"

"Haba Baba! Wannan ba ta kisa."

Hoton ya fito tar. Ga tsohon yana dariya, hannunsa a kan tozon farar saniya. Har ƙudan da ke hancinta ana gani. Har tsaga biyun da ke kunnenta na hagu.

A gasa ta gaba ya zo na ɗaya. Hoton ya zaga wayoyi, ya isa hannun wani mutumin Bungudu da ya gane tsagar: shaidar gidansu ce, ta shanun da ɓarayi suka kora bara. A kasuwa tsohon ya sayi saniyar, gaban shaidu, amma waɗanda suka je rugar ba tambaya ta kai su ba.

Da mai kyamarar ya koma kai wa tsohon hotonsa, toka ya tarar, da sanda, da takalmi ƙafa ɗaya.

Hasken yamma kuwa ya yi kyau ƙwarai. Ya ɗaga kyamarar.